Ɓoye Dodonka: Shawara ga Mai Shirya Fim Ɗin Almarar Kimiyya

Idan kana son shirya fim ɗin almarar kimiyya kuma babu wani babban kamfani a bayanka, shawarar farko ita ce ka ɓoye dodonka. Dodon da ke cikin duhu ba ya neman albashi, ba ya shan man janareta, kuma mai kallo zai ƙera shi a zuciyarsa kyauta, ya fi wanda za ka zana ban tsoro. Haka Gareth Edwards ɗan Birtaniya ya yi a Monsters na 2010: manyan 'yan wasa biyu, 'yar ƙaramar tawaga tana yawo a Meziko da Guwatemala, halittun kuwa sai jefi-jefi suke leƙowa, galibi da dare. Shi da kansa ya haɗa su a kwamfuta cikin ɗakinsa, kuɗin fim ɗin kuma bai kai dala 500,000 ba. In aljihunka bai kai nan ba, dubi Primer na 2004, wanda aka yi da kusan dala 7,000. Na'urar komawa baya cikin lokaci da ke fim ɗin akwati ne kawai, amma fim ɗin ya lashe babbar kyautar bikin Sundance. A fim ɗin, Shane Carruth ne marubuci, darakta, jarumi, mai tacewa da mai kiɗa, don haka ka shirya zama ma'aikata biyar masu cin kwano ɗaya.

Wani zai ce mai kallo kumbo ya zo gani, ba akwati ba. Da gaskiyarsa, don haka ka ba shi kumbon, amma sau ɗaya, a daidai inda labari ya riga ya sa shi ƙishirwa. Wannan ɗaya ɗin ma bai fi ƙarfinka ba: matasan The Critics na Kaduna da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle suka fara, suna koyo a YouTube, har darakta J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki a 2020. Wani kuma zai ce waɗannan 'yan sa'a ne, dubbai sun gwada ba a ji ɗuriyarsu ba. Wannan hujja tana da nauyi, shi ya sa nake roƙonka kada ka saki aikin da ke ciyar da kai. Edwards ya shafe shekaru yana haɗa wa shirye-shiryen talabijin siddabarun hoto, ciki har da na BBC, a nan hannunsa ya faɗa, kafin a miƙa masa Godzilla na 2014 da Rogue One na 2016.