Likitocin Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Bara da kaka, bayan mun sayar da wake, ni da ƙanena muka hau mota a Dambatta muka nufi birni. Muka wuni muna safa da marwa tsakanin titin Beirut da kasuwar Farm Centre, muka dawo da kwalaye: fanel B450, farosesa Ryzen 5 3600, katin hoto na hannu, da ram guda biyu, DDR4, masu gig takwas-takwas. Niyyarmu mu mai da zauren gidanmu gidan gem, samari su riƙa buga FIFA suna biya kafin damina ta kwashe kowa zuwa gona. Na ɗaura komai da hannuna, aka tada janareta, na yi bisimilla na danna. Fanka ta juya. Wata 'yar jar wuta ta kama kusa da inda aka rubuta DRAM. Sikirin kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

A yankinmu gida na jingine da gona, gona na jingine da ƙauyen gaba. In ka yi atishawa, daga wata unguwa za a yi maka addu'a. Kafin la'asar zaure ya cika da likitoci.

Na farko shi ne mai busa. Ya taso a zamanin Sega, kuma bai taɓa yarda akwai cutar da iskar baki ba ta warkarwa ba. Ya zare ram, ya hura masa iska da ɗan yayyafin goro, ya mayar. Bayansa mai mari, wanda ya gyara rediyon babansa da tafin hannu shekara ashirin. Shi sai da muka riƙe shi. Akwai kuma mai kashe-kunna, wanda yatsansa ba ya barin makunni, kamar mai jiran injin ya gaji da gardama.

Sai Injiniya ya iso, aka dare aka ba shi hanya. Kowane ƙauye yana da irinsa. Namu yana da tebur a gindin darbejiya, da sola, da jerin soket na cajin waya, da hita, da tsohon burushin haƙori, da kwalbar fetur. Ban raina shi ba, don ya tashi wayoyin da suka faɗa rijiya. Amma a iliminsa cuta uku ce a duniya: datti, batir, da "ai-si". Ya tsuguna, ya leƙa, ya shinshina, ya yi shiru irin na likitan da ya ga abin da ba ya son faɗa wa dangi. Can ya ce, "Maigida, ina batirinta?" Na nuna masa ɗan CR2032 da ke kwance a fanel kamar kwabo. Ya tafa hannu. "Shi ya sa! Ƙaton abu haka da batirin agogo?" Ya ɓanɓare shi, ya ɗana a harshe, ya ce da sauran rai, ya mayar. Abin dariya, cire batirin nan magani ne na gaske, don yakan mai da saitin BIOS yadda ya fito daga kamfani. Injiniya bai sani ba, kuma da na gaya masa sai ya ce ai abin da yake nufi ke nan.

Da hakan bai yi ba, ya nemi a kawo faranti ya wanke fanel ɗin da fetur ya gasa shi da hita. Na ce a'a. Ya nemi ya yi mata filashin. Na ce ta ina, alhali ko harafi ɗaya ba ta nuna ba? Bai ji haushi ba. Washegari ya dawo da wani ram a aljihun gaba, haɗe da goro da makullin babur, wai daga gawar wata kwamfutar shagon buga takardu ya ciro. DDR3 ne, mai haƙora 240, namu ramin na mai 288 ne, tsagar tsakiya ma ba wuri ɗaya take ba. Ya gwada ta nan, ya juya ta can, ya ƙi. Sai ya dube ni ya ce, "Wannan tsagar dabarar Bature ce don talaka ya sake saye. A miƙo mini reza." Na rantse da ya samu rezar nan da ya faɗaɗa, kuma da hayaƙi ya tashi cewa zai yi dama ai-si ne.

Kawu bai taɓa komai ba. Ya zauna a kan turmi yana lissafi da buhu. "Wannan ɗan siririn, buhu nawa?" Aka faɗa. "Wancan mai fanka biyu fa?" Aka faɗa. Ya jinjina kai ya ce ko jaki in ya ƙi tashi, aƙalla yana ba da taki. Inna kuwa daga cikin gida ta aiko da kasko da turare, ta ce tun ranar da aka sauke kwalayen nan ta ga irin kallon da ake musu. Ban mayar da kaskon ba. Sauro ya ragu.

Akwai ɗan makaranta, mai karatu a Bichi, da ya zo hutun ƙarshen mako da waya cike da bidiyon YouTube. Shi matsalarsa duk abin da ya faɗa gaskiya ne, sai dai ba na injinmu ba. Ya ce mu bar ta a kunne, sabbin injina kan ɗauki mintuna suna daidaita ram a tashin farko, sikirin na baƙi. Haka ne, amma an fi ganin wannan dogon jira a masu DDR5. Muka zauna minti ashirin muna kallon bango, janareta na shan mai. Sai ya ce a shiga BIOS a kashe XMP, saitin da ke tura ram ya yi gudu. Ƙanena ya ce, "Yaya, ta wace ƙofa za mu shiga?" Ɗan makaranta ya koma yana neman sabis a bakin rijiya, wai zai duba jerin ram ɗin da kamfanin fanel ya gwada.

Duk waɗannan na yafe musu, har abinci aka fito musu da shi. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai aro. Ya zo da fara'a da sallama mai tsawo, ya ce yana da aboki a birni mai injin gwaji, in ba shi ram ɗaya ya kai a duba. Kwana tara ina bin sa. Ranar da ya dawo da shi, tsawo ɗaya ne, ya kuma shiga ramin daidai, amma ba nawa ba ne. Nawa baƙi ne mai riga, wannan kore ne tsirara, an rubuta ECC da REG a jikinsa: ram ɗin manyan injinan ofis, wanda fanel irin namu ba ya tashi da shi ko za a shekara. Na yi magana, ya ce abokin ne ya cire rigar don ya sha iska. A gaban Kawu ya faɗa, ko ƙifta ido bai yi ba. Kuɗin waken da muka yi wata huɗu muna yi wa feshi ne, ba tsintuwa ba. Har yau muna haɗuwa a masallaci, yana riga ni miƙo hannu.

Saura mutum ɗaya, wanda ba ya karanta littafi. Littafin da ya zo a kwalin fanel, tun ranar farko ya sa shi a ƙarƙashin ƙafar tebur don ya daina rawa. Ni ne. Ƙanwarmu 'yar aji biyar ce ta zaro shi tana kallon hotuna, ta ce, "Yaya, ga shi nan an zana, in guda ɗaya ne a rami na biyu ake sawa, A2." Na sa wanda ya rage a nan. Ta ce an zana hannu yana dannawa. Ni kuwa tun farko lallaɓa shi nake yi kamar ƙwai, saboda na san kuɗinsa. Na rufe ido na danna, na ji ƙas a sama, ƙas a ƙasa. Ashe mako biyu ram bai zauna ram ba. Jar wutar ta mutu. Sikirin dai bai nuna komai ba, sai da ɗan makaranta ya lura na soka wayar HDMI a jikin fanel, alhali 3600 ba ya fitar da hoto sai ta kati. A nan ya fanshi man da ya ƙona mana.

Da yamma Injiniya ya aiko yaro karɓar kuɗin aiki, wai tun daga batirin nan ta fara warkewa. Na ba shi.

Watan jiya aka kira ni wani ƙauye wajen Makoɗa, an ce tasu ma ta ƙi tashi. Tun ban sauka daga babur ba na ce musu bai zauna ba ne, ku danna. Na danna da kaina har sau uku, ina yi wa jama'a bayanin A2. Da aka buɗe akwatin fawa, tsaka ce a ciki, ta bushe.