Wasiƙa Daga Madugun Ayari Mai Taya Biyu

Manchesta, Ingila.

Zuwa ga Yaya,

Da fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna da duk mutanen gida. Yaya damina? Yaya gingimari, tana nan tana zuƙar gas tana tofar da hayaƙi? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da bai san hutu ba.

Albishirinka. Ƙaninka ya zama madugu uban tafiya.

Bature yana kiran ayarin nawa karaban. Ranar da maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ya ce mini yana da karaban a bayan gida, sai na tuna Turancin firamare, inda aka koya mana cewa karaban shi ne ayari. Na leƙa ta katanga ina neman raƙuman Azbinawa da kantun gishirin Bilma. Ashe ɗaki ne a kan taya biyu, da gado da murhun gas da ɗan banɗaki, ana jansa a bayan mota. Mutum yana da gidansa mai na'urar ɗumi, sai ya kulle shi, ya ja wannan akwati zuwa wani fili cikin tumaki, ya biya kuɗi ya kwana, da safe kuma ya ɗauki tankin banɗakin da hannunsa ya je ya zubar. Wai hutu ke nan. Masu wannan al'ada har ƙungiya gare su tun 1907. Da Bafulatani zai gan su, cewa zai yi ashe dai an dawo hanya.

Na yi musu dariya shekara biyu, a ta uku na sayi nawa na hannu. Kada ka tambaye ni fam nawa, don na san lissafi za ka buga da Naira ka kai wa Inna.

Muka ɗauki hanyar arewacin Wels, ni da uwargida da yara a gaba, dattijon da matarsa a baya da nasu. Uwargida ta so ta shige karaban ta miƙe a gado har mu isa, aka ce doka ta hana kowa zama ciki matuƙar ana tafiya. Gudu ma an ƙayyade: mil 60 a awa a babban titi, 50 a ƙarami. Na tuna yadda kake gangaro hanyar Funtuwa da lodin masara, na ce da nan kake aiki da tuni lasin ɗinka yana bango a ofishin 'yan sanda. Wels kuwa tumakinta sun ninka mutanenta, kuma akwai wani ƙauye da sunansa ke da haruffa 58. Kafin ɗan kamasho ya gama kiran sunan, mota ta cika ta tashi.

Mun bar babban titi ke nan sai na ji fam! Karaban ya fara rawa a bayana kamar ɗan bori. Na rage gudu a hankali, na lallaɓa zuwa wani ɗan fili a gefen hanya. Tayar hagu ta karaban ta yi kaca-kaca.

Yaya, ka san ba a banza na yi hutun makaranta uku ina karen motarka ba. Na naɗe hannun riga. A kowace kusurwa ta karaban akwai ƙafar ƙarfe da ake murzawa ta sauko ƙasa. Na ce kai, Bature ya iya gata, jak huɗu a mota ɗaya! Na kama hannun da ke kwance karaban daga mota, nufina in raba su in murza ƙafa ɗaya in ɗaga. Sai ga dattijon nan da gudu, mutumin da ban taɓa ganin ya yi sauri ba, yana ɗaga hannu kamar mai tsai da jirgi.

Ya ce, "Ɗana, matarka ta gaji da kai ne, ko kai ka gaji da duniya?"

Sannan ya zaunar da ni karatu, ruwa yana dukanmu. Ƙafafun nan ba jak ba ne. Aikinsu kawai su hana ɗakin girgiza idan ana yawo a ciki. Ka ɗora musu nauyi, ko su lanƙwashe ko su murɗe daɓen ɗakin, wanda katako ne marar kauri da soso a tsakiya. Ya nuna mini ɗan allon da ke kusa da ƙofa, an rubuta nauyin nawa da kaya ya kai kilo 1,300. Buhun masara goma sha uku ke nan na so in ɗora wa ƙarfen da bai fi muciya ba.

Kwance shi daga mota kuwa ya fi muni. Abu mai taya biyu, ka ɗaga ɗaya, saura ɗaya. Iska kaɗan ko wucewar babbar mota sai ya juya ya zame daga kan jak. Motar ce turkensa. Don haka a bar su a haɗe, a ja birkin hannu na mota, a sa ta a giya, a ja birkin hannu na karaban har ƙarshe. Ya nanata har ƙarshe, domin an yi birkin ne yadda zai saki idan mota tana ribas, saboda haka in an ja shi rabi-rabi, karaban yana iya silalewa baya kafin ya kama.

Daga nan ya buɗe akwatinsa ya fito da wasu robobi biyu masu siffar goshin gatari. Na dube su, na dube shi. Weji, Yaya! Wejin nan da ka mare ni a kansa a kan hanyar Gusau, ranar da na tsaya sayen rake na manta ban sa ba. Nan shago ake sayar da shi, cikin leda, da takardar bayani. Ya sa ɗaya gaba ɗaya bayan tayar dama, wadda za ta zauna a ƙasa. Na ce masa wannan kam na riga shi sani, kuma da kumatuna na biya kuɗin makaranta.

Matarsa ta kwashe uwargida da yara suka koma can bayan shingen hanya, ta buɗe fulas ta zuba shayi. Baturen Ingila ko gidansa ke cin wuta sai ya fara dafa shayi. Ni kuma aka sa mini riga mai ƙyalli irin ta masu sharar titi, aka aike ni in kafa alamar nan mai kusurwa uku mita 45 a bayanmu. Na ce a gida ganye muke karyowa mu zuba a titi, ya ce shi ma dabara ce, amma nan in ka karya reshe sai ka yi bayani. Ya ƙara da cewa mun yi sa'a ba a kan babbar hanyar nan mai layi uku abin ya faru ba, don can ba a canza taya ba a kafa alama. Fita ake yi ta ƙofar hagu a tsallake shinge a kira masu ceto.

Safaya taya tana ƙarƙashin ɗakin a kan wani ƙarfe da ake zarowa ta gefe. Ya sa na fito da ita tun kafin a ɗaga komai, don kada in riƙa jijjiga abu yana kan jak. Notuna ma tun taya tana ƙasa aka sassauta su, rabin juyi kowanne. Wannan duk ka koya mini. Abin da ban sani ba shi ne inda ake sa jak. Ba ko'ina ba. Shasin, na kamfanin AL-KO, ƙarfe ne mai sauƙin nauyi, in ka tokare shi inda ba a ce ba sai ya lotsa. Akwai wurin da aka ɗaura wani ƙarfe musamman, bayan taya kaɗan, nan bakin jak yake shiga. Jak ɗin mota ma ya ce in mayar da shi but, ba a yi shi don wannan ba.

Sai ga matsala: taya ta kwanta, ɗakin ya yi ƙasa, jak ɗin karaban ya ƙi shiga. Na fara waige-waigen dutse. Dattijo ya ajiye katako a gaban fasasshiyar tayar, muka cire weji, muka saki birki, na ja mota taku ɗaya tayar ta hau, muka mayar da birki da weji. Wuri ya samu. Wani faffaɗan katakon ya shiga ƙarƙashin jak, don ƙasar ta jiƙe kamar fadama.

Da taya ta bar ƙasa, sai ya sauke ƙafafun nan na gefen har suka taɓa ƙasa, taɓawa kawai, su zama 'yan tsaro ko jak zai ci amana. Noti ɗaya ya gangara ƙarƙashi, na sunkuya zan bi shi, ya damƙe wuyan rigata. Da sandar lema ya jawo shi. Ya ce ko hannu kada ya shiga ƙarƙashin abin da jak kaɗai ke riƙe da shi.

Muka sa safaya, muka ɗaura notuna da hannu, ana tsallakawa daga wannan zuwa na daura da shi. Na kama jak zan sauke, ya yi gyaran murya. Na manta ban naɗe ƙafafun ba! Da na sauke a haka, ɓarnar da aka hana ni da farko ita zan yi da ƙarshe.

Wajen ɗaurin ƙarshe na ɗora ƙafa a kan sifana zan hau in yi tsalle yadda muke yi. Ya kusa suma. Ya kawo wata doguwar sifana da ake saita ta da lamba, in ɗauri ya kai sai ta ce ƙas. Littafin bayanin karaban nawa ya ce 88 ga wilin ƙarfe, 130 ga na alminiyam, kuma kowa ya duba nasa littafin. Bayan mun yi wajen mil 25 ya sake tsai da mu ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi ba ni haushi, tayar da ta fashe zanenta raɗau, ko a kasuwar 'yan taya sai a ce sabuwa ce. Ya nuna mini lamba huɗu a gefenta: 2314, wato mako na 23 na shekarar 2014. Tayar karaban ba tafiya ke cinye ta ba, zama ne. Tana tsaye wuri ɗaya rana da sanyi suna tsattsaga ta. Ƙungiyarsu ta ce a canza a shekara biyar, kada a wuce bakwai ko da zane bai taɓu ba. Wanda ya sayar mini ya rantse da kabarin kakarsa cewa lafiyarta ƙalau. Ashe dillali ko'ina dillali ne.

Don Allah ka duba lambobin nan a jikin tayoyin Beljiyam da kake sa wa gingimari, ka rubuto mini abin da ka gani. Yaron motarka kuma ka hana shi kwanciya ƙarƙashi jak na riƙe da ita, sai an tokare da gungume. Inna ka ce mata mun je hutu mun ga tumaki, kada ka wuce nan. In an samu mai zuwa a aiko mini da kuka da yaji, ban da kilishi, a filin jirgi suke ƙwacewa.

Ka huta lafiya.

Ƙaninka,
Madugu.