Ai Baƙi Ne

A majalisarmu ta bakin shagon Baba Tela akwai amsa guda da muke ajiyewa kamar gishiri, kowace miya ta zo a barbaɗa mata. An fasa shago? Baƙi ne. An kama yara da ƙwaya a kangon bayan masallaci? Baƙi ne suka koya musu. Ko kwata ce ta toshe, sai ka ji wani ya ce tun da aka fara ba baƙi haya a layin nan abubuwa suka lalace. Mu dai 'yan unguwa tsarkakakku ne, daga gida sai masallaci.

To, daren Larabar nan gishirin bai yi aiki ba. Babu wuta, mai shayi ya jingina fitilar caji a jikin gwangwanin madara, sai Na'ibi ya zo ya zauna yana ta jujjuya carbi bai ce komai ba. Da aka matsa masa ya ce yaron gidan marigayi direban ma'aikatar ruwa ne. Wata biyu ke nan ba ya bin jam'i, sai an sallame ya shigo ya yi tasa shi kaɗai. Jiya kuma uwarsa ta aiko a faɗa wa Liman cewa ya daina cin tuwon gidan, wai da kuɗin fanshon babansa ake cefane, kuma duk wanda ya yi wa gwamnati aiki ya bauta wa ɗagutu.

Alhaji mai kayan gini bai bari Na'ibi ya rufe baki ba. "Wasu ne suka shigo suka hure masa kunne. Ku bincika, za ku tarar baƙi ne."

Baba Tela ya ɗago ido ta saman tabarau. "Alhaji, a gabana aka yanka ragon sunan yaron nan. Wane baƙo?"

Daga nan hira ta ɓalle, don Baba Tela in ya ajiye almakashi to sai dai a gyara zama. Ya ce yana saurayi yana koyon ɗinki a Fagge lokacin Maitatsine, kuma abin da ba ya son mutane su manta shi ne kafin Muhammadu Marwa ya zama abin tsoro, abin kallo ne. Da yamma in an tashi daga aiki sai su ɗunguma su je su tsaya nesa kaɗan suna jin yadda yake tsine wa mai ɗaura agogo, mai hawa keke, mai sauraren rediyo. Suna dariya, su dawo suna kwaikwayonsa a shago. "Wallahi nishaɗi muka ɗauke shi, kamar wasan gardawan kura. Ba mu taɓa tsayawa mun dubi yaran da ke zaune a gabansa ba. Su ba dariya suke yi ba."

Alhaji ya ce ai ga ta nan, Marwa a Kamaru take, har Sarki Sanusi ya taɓa sa a kore shi daga Kano a farkon shekarun 1960. Baƙo ne.

"Shi kam baƙo ne," in ji Baba Tela. "Dubban da suka cika 'Yan Awaki fa? Daga ƙauyukanmu suka zo cin rani. Masu yankan farce, masu ga-ruwa, 'yan dako, masu tallan goro a faranti." Ya ce da can gardi in ya shigo birni ba ya rasa zauren kwana. Kowane gida da zaure, kowane zaure da tabarma, kuma in an sauke tuwo akwai kwanon almajiri. Da kuɗin fetur ya shigo, masu hali suka rushe zaure suka ja katanga, suka sa ƙofar ƙarfe da maigadi, kayan masarufi kuma suka yi tashin gwauron zabi. Yaro ya wuni yana kallon Marsandi tana watsa masa ruwan kwata, dare ya yi ba shi da wurin sa haƙarƙari. Sai ga wani ya buɗe masa ƙofa, ya ba shi abinci, ya kuma ce masa talaucin nan nasa shi ne shaidar yana kan gaskiya, masu motocin can su ne tsinannu. "Kai da kai ne, ina za ka kwana?"

Ticha, wanda ya yi ritaya daga koyar da tarihi kuma ba ya yafe wa kowa kuskuren kwanan wata, ya karɓe. Ya ce Gwamna Abubakar Rimi ya rubuta wa Marwa takarda a watan Nuwamba na 1980 cewa ya tashi, bai tashi ba. Ranar 18 ga Disamba aka yi arangama da 'yan sanda a filin Shahuci, aka shafe fiye da kwana goma ana abu ɗaya, sai da Shugaba Shagari ya turo soja. Kwamitin Mai Shari'a Aniagolu ya ƙirga gawa 4,177. Aka ce an gama. Sai ga ta a Bulumkutu ta Maiduguri da Rigasa ta Kaduna a 1982, ga ta a Jimeta a 1984, ga ta a Gombe a 1985. An kashe maciji, in ji Ticha, amma ramin na nan, kuma ba wanda ya leƙa ya ga ƙwai nawa ya bari.

Baba Tela ya ƙara da wata da ta sa Alhaji gyaran murya. Ya ce ko wata bakwai ba a yi ba da binne mutanen 'Yan Awaki, a watan Yulin 1981, aka tashi da wata tarzomar a birnin nan saboda takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarkin Kano na lokacin, aka ƙone ma'aikatu, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, a cikin gidansa. "Wannan babu wa'azi a ciki, siyasa ce zalla. Su ma daga Kamaru aka yo odarsu?"

Nan ne Iya mai ƙosai, da muka zaci hankalinta na kan kasko, ta sa baki ba tare da ta waiwayo ba. Ta ce ita abin da ke ba ta mamaki da mazan unguwar nan, duk shekarar zaɓe su ne ke tara yaran a ƙofar gidan ɗan takara, a raba musu riga mai hoto da gora da abin da za su haɗiya su daina jin tsoro. A koya wa yaro cewa wanda ba ya jam'iyyarku ba mutum ba ne. Zaɓe ya wuce, mai gida ya canza lamba, a bar yaro da gora da zuciyar da aka riga aka wasa. "Wuƙar da kuka wasa kuka yar a bola, don wani ya tsinta ya yi yanka da ita sai ku ce baƙo ne?"

Ba wanda ya amsa mata. Ita Iya ba a amsa mata, saboda rabinmu tana binmu bashi.

Kawu, wanda ya yi shekaru yana jigilar busasshen kifi daga tashar Baga a Maiduguri, ya ce maganar Iya ita ce ta can sak. Kowace jiha da sunan da take kiran nata: Ekomog a Borno, Kalare a Gombe, Sara-suka a Bauchi, mu nan 'yan daba da 'yan jagaliya. Ya ce ya sha wucewa ta unguwar Railway lokacin da Markas ɗin Muhammad Yusuf ke cika yana batsewa, kuma abin da ya lura da shi ba wa'azin ba ne kawai. Yaro ba shi da jari, a ba shi jari. Ba shi da abin hawa, a haɗa masa babur ya yi acaɓa. Ya kai aure ba shi da kuɗin lefe, a nemo masa mata cikin 'yan'uwa da sadaki mai sauƙi. In ya kwanta ciwo a zo duba shi. Ya ce ku faɗa mini, a layin nan wa ya taɓa yi wa ɗan wani ɗaya daga cikin huɗun nan? Mu da in saurayi ya zo neman 'yarmu sai mun lissafa masa akwati har ya ji jiri.

Kuma manya sun san da su, in ji Kawu, har ɗaya daga cikin mabiyan Yusuf, Buji Foi, ya riƙe kwamishinan harkokin addini a Borno. Sannan aka zo kan dokar hular kwano a 2009, jami'an tsaro suka buɗe wa 'yan ƙungiyar wuta a hanyarsu ta zuwa jana'iza, wata na zagayowa gari ya kama da wuta. Aka kama Yusuf da ransa, soja suka miƙa shi ga 'yan sanda, ranar 30 ga Yuli aka nuna gawarsa. Babu kotu, babu alƙali. Kawu ya ce bai taɓa ƙaunar mutumin ba ko na minti ɗaya, amma ranar da ya ga bidiyon da ake kwantar da mutane a titi ana harbewa, har da masu sandar guragu, ya san an ba magajinsa Shekau huɗubar da zai yi shekara goma yana karantawa.

Ni dai ina gefe ina kurɓar shayi ina gyaɗa kai kamar mai hankali, sai Na'ibi ya juyo kaina. "Malam, kai ne fa ka turo mana wancan faifan a zauren WhatsApp na masallaci."

Gaskiya ne, ni na tura. Wani malami ne yake yi wa wani malami raddi, ya kira shi jaki, ya kira shi ɗan wuta, jama'a na ta kabbara. Na tura ne don ya ba ni dariya, har na sa masa alamar wuta guda uku. Kuma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, haka muke. Malamin da zai zauna ya karantar da Ahalari ko Iziyya a nitse, ya ce wannan mas'ala malamai sun yi saɓani, mutum goma sha biyu ne a gabansa, huɗu na gyangyaɗi. Wanda zai hau mumbari ya fitar da rabin gari daga Musulunci kafin a tayar da salla, sai an rufe titi. Mu manya mun san inda wasan ya tsaya: mu yi kabbara, mu watse, gobe mu haɗu da wanda aka kafirta a kasuwar Kwari mu yi ciniki har da ragi. Yaro ɗan shekara goma sha tara bai san wasa ba ne. Shi in an ce masa wane kafiri ne, lissafi yake yi ya kai shi ƙarshe. Ashe abin da su Baba Tela suka yi a 'Yan Awaki shi nake yi, sai dai su da ƙafa suke zuwa kallo, ni kuwa da data.

Ticha ya ce kada a yi wa malamai kuɗin goro. Waɗanda suka fara tunkarar aƙidar su Yusuf da hujja tun gwamnati na barci malamai ne. Shaihu Ja'afar Mahmud Adam ya yi ta gargaɗi a kanta, aka harbe shi yana limancin sallar asuba a masallacinsa na Ɗorayi ranar 13 ga Afrilun 2007. Shaihu Albani na Zariya ya yi ta warware shubuhohinsu ɗaya bayan ɗaya, aka tare shi a hanya a farkon Fabrairun 2014, aka kashe shi da matarsa da ɗansa. Ya ce yaron da aka ɗaure da aya, da aya ake kwance shi, kuma wanda zai kwance shi sai ya fi wanda ya ɗaure shi karatu da haƙuri. Kulki ba ya warware shubuha.

Alhaji, da ya ga baƙi sun ƙare masa, sai ya koma ɗaya gefen. Ya ce to a kira hukuma kawai su ɗauke yaron tun kafin ya jawo mana irin harin ranar 20 ga Janairun 2012, ko na Babban Masallaci a 2014. Majalisa ta yi tsit, domin Kawu ya rasa ƙaninsa a harin Janairun, kuma har yau ba ya bin titin Bompai in yana da wata hanyar. Shi ne kuma ya fara magana. Ya ce har gobe in ya ji ana yaye tubabbu a sansanin Malam Sidi na Gombe ana ba su kayan sana'a, wani abu na tokare masa wuya, don marayun ƙaninsa ba wanda ya ba su ko keken ɗinki. Amma yaron nan bai ɗauki ko tsinke ba tukuna. Tuwo ya ƙi ci. In aka jefa shi bayan kanta yau, can zai haɗu da malaman da suka fi na wayarsa.

"To wa zai yi masa magana?" in ji Na'ibi.

Nan fa kowa ya tuna yana da uzuri. Alhaji ya ce aikin Liman ne. Na'ibi ya ce Liman ɗin ne fa yaron ya ce ba ya bi. Ticha ya ce shi ɗan boko ne, yana buɗe baki an gama da shi. Ni na ce zan nemo wani faifai mai kyau in tura masa, Iya ta yi wata dariya da ta sa na fasa ƙarasawa.

Baba Tela ya ce shi ba zai yi masa wa'azi ba, don bai iya ba. Amma akwai tsohon keken ɗinki Butterfly a ƙuryar shago da ya shekara biyu ba a taka shi ba, ga ɗinkin Salla ya fara taruwa, idonsa kuma ba ya ganin ramin allura da daddare. Zai ce masa ya zo ya taimaka wa tsoho, kuɗin aljihu da na wuya daban. Kuɗin tela dai ba na gwamnati ba ne, sai ya ga da wace aya zai ƙi. In ya zauna, Na'ibi ya riƙa biyowa shan iska da littafinsa a hammata, ba don kowa ba. Sannan ya juya ya ce, "Af, wai yaya ma sunan yaron?"

Muka dubi juna. Mutumin da aka yanka ragon suna a gabansa ya manta. Na'ibi ya ce shi "ɗan marigayi" yake ce masa. Alhaji ya ce shi dai "kai yaro" yake kiransa in zai sauke siminti. Iya ce ta faɗi sunan, da na uwarsa, da ajin da ya tsaya a sakandare lokacin da aka kasa biya masa kuɗin jarrabawa, ta kuma faɗi ko nawa ne kuɗin. Alhaji ya sunkuya yana neman takalminsa.

Mai shayi ya tambaya, in yaron ya fara zama a shago, wa zai riƙa biyan shayinsa da burodi? Kafin a samu mai amsawa aka kawo wuta, yara suka kwashe da ihu daga wannan lungu zuwa wancan, majalisa ta watse kowa ya nufi gida sa waya a caji. Baba Tela ya kunna ƙwan shago, ya ce in zo in kama masa mu jawo keken daga ƙurya, ya ga ko bel ɗin bai tsinke ba.