Mai Faci Ba Ya Shiga Jaka

Duk wanda ya tashi a kudancin kogin Kaduna, daga Kakuri zuwa Barnawa, daga Narayi zuwa Sabon Tasha, an sangarta shi a kan keke bai sani ba. Taya ta yi faci a Makera, kafin ya gaji da turi zai tarar da wani bawan Allah a gindin mangwaro da bahon ruwa da gam da guntun tiyub. Kaca ta tsinke a Television, akwai mai guduma da ƙusa da zai haɗa ta kafin a gama gaisawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Masana'antu ne suka raya yankin nan: masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, Peugeot ta fara harhaɗa motoci a 1975, ma'aikata kuwa a kan Rale da Finis da yawansu ke zuwa aiki. Masaƙu sun mutu, masu faci suna nan daram. Shi ya sa mutum zai tsufa a kan sirdi bai taɓa cire tayar baya da hannunsa ba. To yanzu ga samarinmu sun fara sayen keken hawan dutse na gwanjo, mai faffaɗan taya da giya barkatai, har wasu suna mafarkin su je Ruwanda ko Maroko ko tsaunukan Alps su yi wata ɗaya ko biyu suna hawa da gangarawa. Ni dai abin da nake gani shi ne, jakar irin wannan tafiya aikinta guda ne: ta tsaya a madadin mai facin da aka baro a gida. Duk abin da bai taimaka wajen wannan ba, sai ya kawo hujja kafin a ba shi wuri.

Matsalar ita ce a gidajenmu matafiyi ba shi ke haɗa kayansa ba, kwamiti ne. Hajiya, ko Mama idan a Narayi ne, za ta kawo kilishi da dambun nama da ƙuliƙuli da garin kunu, ta ce, "Kai dai riƙe, ba ka san abin da suke ci a can ba." Gwaggo za ta ƙara bargo mai hoton damisa. Yaya zai ce a saka shadda kala biyu da hula zanna saboda Juma'a ko Lahadi, kada a ce 'yan Kaduna ba su iya ado ba. Maƙwabci kuma yana da saƙon da za a kai wa ɗansa a Jamus, ko da kuwa Kigali za a je, don a wurinsa waje duk unguwa ɗaya ce. Babu wanda ya yi mugun nufi a cikinsu, sai dai sikelin filin jirgi bai san zumunci ba. Yawancin kamfanonin jirage kilo 23 suke ba kowace jaka, abin da ya haura 32 kuwa ko da kuɗinka ba sa karɓa a matsayin kaya guda. Keken dutse shi kaɗai yakan kai kilo 13 zuwa 15, kwalin da za a sa shi ya ci wasu kilo, ga hular kwano, ga takalmi. Kafin a zo kan bargon Gwaggo an riga an shiga bashi.

A ce ma sikeli ya yi sassauci, jami'an can ba za su yi ba. Tarayyar Turai ta hana matafiyi daga ƙasashe irin namu shiga da nama ko nono a cikin kayansa, busasshe ne ko ɗanye, saboda haka kilishin da aka yi wa tanadi tun daga Kaduna a kwandon sharar filin jirgi zai kwana, kuma ana iya haɗa wa mai shi da tara. Wanda ya ce to bari ya tsaya a Afirka, ya nufi Ruwanda, wani tarkon ke jiransa. Tun 2008 ƙasar ta haramta leda, ana kuma iya karɓe ta a bakin shiga. Yanzu a dubi jakar ɗan Najeriya: gari a leda, sabulu a leda, takalmi a leda, sannan ga wata babbar leda da aka cika da ƙananan ledoji don ko-ta-kwana. Sai a wayi gari bawan Allah yana tsaye a Kigali, yaji a aljihun riga, ƙuliƙuli a cikin safa. Wanda kekensa mai batir ne ya ma huta da tunani, domin batirin da ƙarfinsa ya wuce wat-awa 160 ba ya hawa jirgin fasinja, na keke kuwa ya ninka haka sau biyu ko fiye. Ƙwayoyin kashe ciwo irin su tiramadol, waɗanda wani abokin arziki zai cusa maka ya ce saboda ciwon cinya, suna iya sa ka ga cikin ofishin 'yan sanda kafin ka ga dutse.

Mu ƙaddara an tsallake duk wannan, an isa bakin tafkin Kivu, an kama hanyar nan ta Congo Nile mai tsawon kilomita 227 daga Rubavu zuwa Rusizi, wadda ba ta san shimfiɗe ba, in ba hawa ake ba to gangara ake. A nan ne ake gane abin da ya kamata a ɗauko. A bayan kowane keken dutse akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba, masu harkar suna ce masa hanga, shi ke riƙe da na'urar canjin giya. Da gangan aka yi shi mai rauni, don in an faɗi shi ya karye ya ceci jikin keken. Abin haushin shi ne kusan kowane kamfani da irin nasa, ɗaruruwan iri, kuma na wannan ba ya shiga wancan. Kamfanin SRAM ya fito da na bai-ɗaya a 2019, amma keken gwanjon da aka saya a Kaduna da wuya ya kasance ya zo duniya bayan wannan shekara. Idan ya karye a tsakiyar gonar kofi, matafiyinmu mai shadda kala biyu ya zama mai turin keke, yara suna binsa suna dariya da harshen da bai ji. Nauyin hanga bai kai na ƙullin yaji ɗaya ba. Haka takalman birki: gangara mai tsawo cikin laka tana iya cinye su cikin 'yan kwanaki, kuma su ma kowane birki da fasalin nasa. A ƙara da mahaɗin kaca daidai da yawan giyar keken, da tiyub biyu daidai da girman ƙafar, ko 26 ce ko 27.5 ko 29, da famfon da ya dace da siririn bawul, da alanki, da abin cire kaca, da ɗan man kaca. Dukansu a haɗe da ƙyar su wuce kilo biyu.

Za a ce mini, ai inda ake wasan keke nan ne kayan keke suke, a saya a can mana. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabi ce. A ƙauyukan Alps irin su Morzine shaguna suna nan birjik, sai dai bakaniken can da awa yake caji, da yuro, kuma a tsakiyar bazara yana iya ce maka ka dawo jibi. Ba ya jin "don Allah, Malam, taimaka, sauri nake," ba ya kuma barin cikon kuɗi zuwa gobe. A Ruwanda kuwa masu gyaran keke sun fi na Kakuri yawa ma, don can keke ke ɗaukar ayaba da madara da fasinja, kuma ƙasar ta san wasan sosai: Adrien Niyonshuti ya wakilce ta a tseren keken dutse a gasar Olamfik ta Landan a 2012, Kigali kuma ta karɓi gasar tseren keke ta duniya a 2025. Amma mai gyaran da ke ƙauye keken dako ya sani, mai giya ɗaya da birkin sanda. Ka kawo masa birki mai aiki da mai, zai yi abin da ɗan'uwansa na Sabon Tasha zai yi, ya ɗauko man birkin mota da kyakkyawar niyya. In birkin na Shimano ne, wanda man ma'adini yake sha, wannan taimakon zai kumbura robobin ciki, kuma ba za ka sani ba sai a gangara ta gaba.

Hujjar Hajiya ta fi wannan ƙarfi, kuma ba na raina ta: da ruwan ciki ake jan na rijiya, mai yunwa ba ya hawa dutse. Haka ne. Wanda zai yi wata biyu a inda ake dafa dankali ba gishiri ba barkono yana buƙatar abin da zai tuna masa shi ɗan mutane ne. Amma amfanin yaji a ɗanɗano yake, kwalba ɗaya ta isa. Shinkafa da taliya da ƙwai babu ƙasar da ba a sayar da su. Dabino kuwa, abin mamaki, yana cikin 'ya'yan itatuwa ƙalilan da Turai ta yarda a shiga da su ba takardar lafiyar tsiro, shi da ayaba da abarba da kwakwa, kuma a aljihun mai hawan dutse ya fi kilishi amfani, tunda ba ya sa ƙishirwa kamar sa. Gwaggo ma ta yi gaskiya a kan sanyi, a kan magani ne ta kuskure. Kaduna tana kan tsayin kamar mita 600, tafkin Kivu yana kusa da 1,460, Toubkal na Maroko ya kai 4,167, kuma duk mita dubu da aka hau zafi yana raguwa da wajen digiri shida da rabi. Mutum ya yi gumi a hawa, iska ta buge shi a gangara, haƙora su kama kaɗawa. Abin da ake so shi ne rigar ruwa marar nauyi da ta sanyi da ake naɗewa a cusa a jakar baya, da safar hannu. Bargo mai damisa ba ya hawa keke.

Akwai masu wayon da za su ce a bar keken a gida, a yi haya a can. Ga mai kwana uku wannan daidai ne, ga mai wata biyu kuɗin hayar sai ya sayi wani keken. Sannan akwai wani abu da ba a faɗa wa baƙo: a Ingila da ƙasashen da suka bi al'adarta hannun dama ke kama birkin gaba, a Faransa da Amurka hannun hagu ne. Wanda hannunsa ya saba da ɗaya ya hau ɗayan, ya zo gangara ya damƙe abin da yake zato na baya ne, zai riga keken isa ƙasa. Wannan ne ya kawo mu ga takardu, waɗanda ba su da nauyi amma su ake mantawa: katin rigakafin shawara, da inshorar da bizar Shengen ke nema ta aƙalla yuro 30,000. A karanta ƙananan rubutun inshorar da kyau, domin da yawansu suna biyan wanda ya zame a banɗakin otal, amma ba ruwansu da wanda ya wuntsulo daga dutse da ganin damarsa.

Saura hujjar Kawu, wadda ba ta shafi jaka ba sam. Shi cewa zai yi, "Yanzu kai, ɗan nan, a rasa abin da za a je Turai a yi sai tuƙa keke? Kakanka ya tuƙa shi zuwa masaƙa har ya yi ritaya, ba wanda ya ɗauke shi hoto. In dutse kake so, ga Kujama, ga Kajuru." Ba ni da cikakkiyar amsa ga rabin farko, sha'awa ba ta da lauya. Rabi na biyu kuwa Kawu ya san amsarsa: duwatsun hanyar Kachia suna da kyan da ba sa jin kunyar na ko'ina, rashin tsaro ne ya sa mai hankali ba ya kutsawa dajin shi kaɗai a kan keke. Amma akwai abin da za a ɗauka a maganarsa. Duk alankin duniya ba ya amfanar wanda bai taɓa juya shi ba, kuma kamfanin jirgi zai sa a cire feda a karkata kan keken kafin a rufe kwali. Fedar hagu a juye take kwancewa, wanda bai sani ba zai yi ta ɗaure ta yana zaton kwancewa yake, yana gumi, direban da zai kai shi Abuja yana danna hon a ƙofar gida. Saboda haka makonni kafin tafiya a je gindin mangwaron nan, a gaida Malam mai faci, a biya shi kuɗin aikin da ba zai yi ba, a ce ya zauna ya kalla kawai. A cire taya a mayar, a tsinke kaca a haɗa, a canza takalmin birki, yana gyara maka hannu yana ce maka, "A'a, Alhaji, ba haka ake ba." Zai yi maka dariya, yaransa ma za su yi, mai rake na gefe zai taso ya ba da tasa shawarar. Kilishin kuma a cinye shi a mota tsakanin Gonin Gora da Zuba, a ba direba nasa.