A Gaida Sarkin "Ga Ni Nan Tafe"

A gaishe ka, direban saƙo, gwarzon hanyar Damagaram zuwa Magarya, mai zama wuri biyu a lokaci guda. Waliyyan da ake ba mu labari sai sun shekara suna azumi da tsayuwar dare kafin a naɗe musu ƙasa. Kai wayar salula kaɗai ta ishe ka. Kana zaune kan benci a tashar Damagaram, kofin shayi a hannu, mota ko rabi ba ta cika ba, Hajiya ta kira tana tambayar kwalin atamfofinta, sai ka ce: "Hajiya, yanzu muka wuce Bande, ki turo yaro tasha." Kusan kilomita 90 ne tsakanin Damagaram da Magarya, ka cinye mafi yawansu kafin ka haɗiye burodi. Yaron kuwa zai zauna a rana tun hantsi har la'asar sakaliya. Tarbiyyar haƙurin da iyayensa suka kasa ba shi, kai ka ba shi kyauta.

Can Turai da Amurka, inda yarda ta ƙare, sai an liƙa wa kaya lamba ana bin sawunsu ta intanet, wani direban ma sai ya ɗauki hoton kwali a ƙofar gida kafin a yarda ya kai. Mu nan suna da lambar waya da aka rubuta da maka a jikin kwali sun wadatar, sai "amana ce, don Allah" daga bakin mai aike, da "kada ka ji komai" daga naka. Kuma ba ya jin komai ɗin, har kwana uku.

Masu hassada na cewa kana ƙarya. Ba su san wahalar neman uzuri ba ne. Jandarma sun tsayar, 'yan duwan sun sauke kaya, an yi faci, ruwa ya cinye hanya. Duk waɗannan suna faruwa da gaske, musamman da damina a kan hanyoyin Dungas, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta daga Magarya tun 2011 amma rairayinta bai ji labari ba. Gwanintarka ita ce ba ka jiran su faru. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019, har zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kowa ya koka, kai kaɗai ka san ni'imar da ke ciki. Buhun da aka aiko daga Waca zuwa Dungas, wanda ba abin da ya haɗa shi da Najeriya, sai da ya kwana biyar "a hannun ma'aikatan iyaka a Tinkim". Da aka buɗe iyaka a watan Maris na 2024, kamata ya yi mu zo maka jaje.

Sata kuwa, Allah ya kiyaye, ba halinka ba ce. Aro kake yi. Ambulan mai jika goma in ya shigo hannunka da safe, ka zuba wa mota mai da shi, ka biya bayan ka yi sawu biyu, wa aka cuta? In an ba ka sefa ka miƙa naira, tunda duka biyun suna ci a kasuwannin nan, ai ka hutar da mai saƙo zuwa wurin 'yan canji, kuma farashin da ka yanka kai da zuciyarka kuka yanka shi. Nita da Al Izza da Amana sun rage maka wannan hidima, mutane sun koma aika kuɗi ta hannunsu, amma kilishi bai bin waya. Ƙunshin da ya isa da ɗan gibi a gefe shaida ne cewa ka ɗanɗana don kada a ba bayin Allah abin da zai cuce su.

Abin da ya fi burge ni shi ne tausayinka. Asibitin yara na Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2005, cika yake yi maƙil da damina, lokacin zazzabin cizon sauro da ƙarancin abinci. Magidanci a Malawa ya sayar da akuya, ya ƙulla kuɗi da zane da garin gero, ya ba ka ka kai wa matarsa da ke jinyar yaro. Da magariba ya ari waya ya kira, ka ce: "Baba, an ba ta hannu da hannu." Ƙullin yana ƙarƙashin kujerarka. Amma dattijo ya yi barci mai daɗi a daren nan, wa ya ba shi in ba kai ba? Matar dai ta kwana da abin da maƙwabciyar gado ta sam mata.

Ranar da ka ga damar cika alkawari ma abin kallo ce. Kasuwar Maigatari Alhamis take ci, ba ta jiran kowa, mai mota na jiran kuɗinsa da yamma, ɗan kamasho ya riga ya cire nasa. Sai ka taka mota, kaya sun fi ta tsawo, awaki a sama, fasinja na salati, ka isa a kan kari ko ka isa asibiti.

Akwai dai wani wawa a kowace tasha, mai cewa: "Alhaji, gaskiya yau ba zai isa ba, sai gobe da azahar." Alhaji ba ya ko amsa masa, ɗauke kwalinsa yake yi ya kawo maka, kai da ka rantse kafin azahar ta yau. Kayan su isa jibi, Alhaji ya yi faɗa, mako mai zuwa ya dawo gare ka. Wai ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Taka ta haifi mota ta biyu, wancan kuwa har yau da igiya yake ɗaure ƙofar tasa. Kada kowa ya ga laifin Alhaji, shi ma a matse yake: tun ranar Litinin ya karɓi kuɗin wani mutumin Dogo-Dogo, ya ce masa kaya na cikin shago, makulli ne kawai yaro ya tafi da shi.