Sarkin Fate Da Wayarsa Mai Gatsattsiyar Tuffa

Sarkin Fate, bawana na kaina, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka zo har Kano ka durƙusa ka gaishe ni. Labari ya iso mana cewa ka tara yara a majalisa kana ba su karatu a kan waya. Wai Apple ne kaɗai ke ƙirƙira, sauran kamfanoni duk 'yan satar amsa ne. Madalla da Shehi. Zariya garin ilimi ce, ba mai ja, sai dai da alama ranar da aka ba da wannan darasin kana gindin murhu da kwanonka kana jiran a sauke tukunya.

Na san halinka da wayar nan. In ka zauna teburin mai shayi ba ka ajiye ta yadda kowa ke ajiye tasa, kifa ta kake yi don tuffar nan da aka gatsa ta kalli jama'a. Ka saya mata rigar roba, amma sai da ka tona kayan mai shago kaf ka zaɓo mai huji daidai wurin tambarin. Duk da wannan fankamar, da kira ya shigo ba daga kan tebur ƙarar ke tashi ba. Daga aljihun gaba take fitowa, inda 'yar rakani-kashi mai tocila ke kwance da layukanka biyu na gaske. Kada ka haɗe rai, ban ce wayarka ba ta da kyau ba. Tana da kyau ƙwarai. Mai riƙonta ne dai sai addu'a.

Bari in tuna maka 2016. A watan Satumba Apple ya fito da iPhone 7, aka duba ƙasanta aka ga babu ramin da ake soka iyafis. Phil Schiller, babban jami'in tallan kamfanin a lokacin, ya hau dandamali ya ce jarumta ce ta sa suka cire shi. A wannan zaman dai, ba a tashi ba, aka nuna AirPods marasa igiya, dala 159. Kai ka tafa ka ce jarumta, ni da na tashi a Kantin Kwari na san ciniki in na gan shi. Sun ce ana buƙatar wurin da ramin ya cinye, kuma toshe shi na taimakawa wajen hana ruwa shiga. Batun wuri gaskiya ne. Batun ruwa kuwa, Galaxy S7 ta fito a wannan shekarar da raminta kuma tana jure ruwa. Kai, Galaxy S5 ta 2014 ma ana ɓalle bayanta a ciro batir, tana da gidan memori, tana da ramin iyafis, kuma da juriyar ruwa aka yi ta.

Kafin ka ce na zama ɗan koren Samsung, ji yadda su ma suka ƙare. Sun sha fitar da talla suna yi wa masu iPhone dariya a kan ramin nan. Da 2019 ta zo sai ga Galaxy Note 10 a toshe, tallace-tallacen kuma suka yi ɓatan dabo daga shafinsu na YouTube. Haka aka sake yi da kan caja. A Oktoban 2020 Apple ya cire shi daga kwalin iPhone 12, wai don kare muhalli, wai kowa yana da tsoho a gida. Sai dai igiyar da suka saka a kwalin bakinta ba ya shiga yawancin tsofaffin kawunan da ake magana a kai, sabon kuma dala 19 ne. Samsung ya yi musu shaguɓe a Facebook, Xiaomi ma ya yi nasa. Wata uku kacal, a Janairun 2021, Galaxy S21 ta fito ba kan caja, shaguɓen kuma an riga an goge shi. Brazil ce ta nuna ba ta ɗaukar wannan wasa, don a 2022 ma'aikatar shari'arta ta ci Apple tara, ta kuma ba da umarnin a dakatar da sayar da iPhone ɗin da ba caja. Kai kuwa da ka buɗe kwali ka ga wayam, cewa ka yi ai manya ba sa yawo da tarkace.

Abin da ku 'yan tuffa ba kwa son ji shi ne, cikin waya a-daidaita-sahu ce. Kujerun ƙidayayyu ne, in fasinja ya shigo sai wani ya matse ko ya sauka. Batir shi ne mai ƙiba a cikinsu, ya fi kowa cin wuri. Kyamara zurfi take so, don gilasanta jera su ake yi a kan juna, shi ya sa bayan wayarka ya yi doro, in ka kwantar da ita kana dannawa take rawa. Lasifika yana buƙatar ɗan fili na iska a bayansa kafin ya yi ƙara mai daɗi, zafi kuma yana neman hanyar fita. Duk mai ƙera waya zama yake ya zaɓi wanda zai saukar, sannan ya ɗauko mai zaƙin baki ya gaya maka an ci gaba.

Dubi iPhone Air ta 2025, wadda ka yi ta turo mini hotonta kamar kana da kuɗinta. Kaurinta milimita 5.6, kuɗinta dala 999. Wa aka saukar? Kyamara ɗaya ta rage a baya, lasifika ɗaya, gidan sim kuwa babu shi gaba ɗaya, sai layin da ake saukewa ta intanet. Sannan kamfanin ya yi mata batir na musamman mai mannewa a baya da maganaɗisu, dala 99. Ka sayi siririya, ka ƙara kuɗi ka mai da ita mai kauri. In ba Bazazzagi ba wa zai yi wannan lissafin? Samsung ma ba a bar shi a baya ba, shi ya riga fitowa da Galaxy S25 Edge mai milimita 5.8, wadda fuskarta ta fi ta S25 girma amma batirinta 3,900 ne, na S25 kuma 4,000.

In kuma aka ƙi saukar da kowa aka ce dole sai an cusa, an ga abin da ya faru da Galaxy Note 7. Ta fito a Agustan 2016 ana ta yabo, ba a rufa sati uku ba ta fara kamawa da wuta. Samsung ya janye guda miliyan 2.5, ya ba da wasu a madadinsu, su ma suka kama. A Oktoba aka daina ƙera ta, Amurka ta hana shiga jirgin sama da ita. Da kamfanin ya fito da sakamakon bincikensa a Janairun 2017, ya ce rukunin farko kubensa ya yi wa batirin kaɗan, kusurwa ta lanƙwashe, ɓangarorin da bai kamata su haɗu ba suka haɗu. Rukuni na biyu kuma matsalar walda ce. Na ga kana murmushi. Rufe bakin, laifi tudu ne. A Disamban 2017 Apple ya amsa cewa yana rage wa tsofaffin iPhone gudu. Dalilin yana da kai: batir in ya tsufa ba ya iya ba da wuta mai yawa a lokaci guda, sai waya ta ɗauke tana tsakiyar aiki, don haka suka zaɓi ta yi nawa a kan ta mutu. Zaɓin ba shi ne laifin ba, shirun da suka yi ne, har mutane suka riƙa sayen sabuwar waya alhali batir kawai ya kamata su sauya. Suka sauko da kuɗin sauya batir daga dala 79 zuwa 29, Faransa kuma ta ci su tarar yuro miliyan 25 a 2020.

Ka zo Farm Centre wata rana, in ba ka ɓata a hanya ba, ka tsaya kan mai gyara ka ga abin da siranta ta jawo. Da can farce kake sawa ka ɓalle murfi ka sauya batir kana tafe. Yanzu sai ya ɗora wayar kan faranti mai zafi gam ɗin ya yi laushi, ya manna 'yar robar tsotsa a gilashi, ya zura siririn ƙarfe yana bi gefe-gefe yana riƙe numfashi, mai waya kuma yana tsaye a kansa yana salati. In taka ce, kafin ma a kai nan sai ya nemo sukundireba ta daban, don kusoshin ƙasanta masu kunne biyar ne. An samu kyau, an samu juriyar ruwa, gyaran gida kuma ya sauka daga mota.

Yanzu batun wa ya saci amsar wa. Ba zan hana ka haƙƙinka ba, iPhone ɗin da Steve Jobs ya nuna a Janairun 2007 ita ta sauya fasalin waya, Nokia da BlackBerry shaida ne. Amma shi Jobs ɗin ne ya ce a 2010 ba mai sayen manyan wayoyin da hannu ba ya iya riƙewa. Samsung ya fito da Galaxy Note mai inci 5.3 a 2011, lokacin iPhone tana inci 3.5, aka yi ta yi masa dariya. A 2014 sai ga iPhone 6 Plus, inci 5.5. Layi biyu a waya ɗaya kuwa sai 2018 ya iso gidanku, lokacin mai kayan miya a Kasuwar Rimi ya kusa shekara goma yana sauya layi da babban yatsa. Bakin caji irin na kowa da kowa da kake taƙama da shi, wanda ya zo da iPhone 15 a 2023, bai zo ba sai da Tarayyar Turai ta kafa doka. Daga 2011 zuwa 2018 Apple da Samsung suna gaban alƙali a kan wa ya kwaikwayi siffar wa, har aka taɓa yanke wa Samsung biyan sama da dala biliyan 1 a 2012. Ana tsakiyar shari'ar iPhone X ta fito a 2017, fuskarta kuma Samsung ne ya ƙera. Ko ni da kai ba mu kai su iya wasa ba.

Samsung shi ma zalamar riga kowa ta sha kai shi ƙasa. Galaxy Fold mai naɗewa, dala 1,980, an shirya fitar da ita a Afrilun 2019, sai fuskokin waɗanda aka ba 'yan jarida gwaji suka lalace cikin kwanaki, wasu ma ɓare ledar saman suka yi suna zaton ta kwali ce. Sai Satumba ta fito. Ɗaya yana gudu yana faɗuwa a gaban jama'a, ɗaya yana jira a share hanya ya zo ya ce shi ya gano garin.

Akwai kuma wanda ba ka taɓa kawo sunansa a karatunka, don kana ganin ba ajinka ba ne. Transsion, kamfanin Shenzhen na ƙasar Sin da aka kafa a 2006, shi ne mai Tecno da itel da Infinix. Shi ma a wannan matsattsen wurin yake zaɓi, sai dai da zai zaɓa mu ya kalla. Ya ga kira daga layi zuwa wani layin yana da tsada, sabis kuma yau wannan gobe wancan, ya saka gidan sim biyu, har mai huɗu ya yi. Ya ga halin Nepa, ya cika ciki da batir ya bar waya ta yi nauyi. Ya gyara kyamara ta riƙa fito da baƙar fata da kyau, ba a ga haƙora da ido kawai ba. Wannan kam kai ya fi yi wa amfani. Ya saka Hausa da Suwahili da Amharik, yawancin kwalayensa kuma har yanzu da kan caja a ciki. Da haka ya riƙe kusan rabin kasuwar manyan wayoyi a Afirka. Shi ma ya saukar da fasinja, ba shakka. Ƙwaƙwalwar masu arahar ba ta kama ƙafar taka, ana cusa musu manhajojin da ba ka roƙa ba, kuma ba a daɗewa ana sabunta su. Nan kam ka ci ni: iPhone 6s ta 2015 ta samu sabon tsarin aiki har a 2021, Google da Samsung kuma sai a 2023 da 2024 suka yi alkawarin shekara bakwai ga manyan wayoyinsu. Shi ya sa tsohuwar iPhone ke da daraja a hannu na biyu, shi ya sa ma irinka ya iya mallakarta. Ai na san 'yar Landan ce, kada ka sa in kira shaidu.

Hukuncina, tunda ubangida shi ke yanke hukunci: ka riƙe tuffarka, ta dace da mai son hoto da bidiyo wanda ba ya son sauya waya duk shekara. Wanda wuta ke zuwa unguwarsu sau ɗaya a yini kuma ka ƙyale shi da mai batir 5,000, ya fi ka sanin abin da ke damunsa. Akwai kan caja ɗaya da ya rage mini a kwali, zan ba direba ranar Asabar. Ka aiko yaro tasha ya karɓa, kuɗin mota kuma a kanka yake.