Likitocin Injin Leza

Injin zanen leza da ke zaune kan tebur a shagunan ɗab'i na Dutse, cututtukansa ba su da yawa: ƙura ta rufe madubi, ruwan da ke sanyaya bututu ya yi zafi, bel ya saki, ko wuta ta yi rawa. Masu maganin ne suka yi yawa. Da zarar rubutu ya fara fitowa dishi-dishi a allon karramawa, sai su ɓullo.

Na farko shi ne Malam Ɗan-Buga-Masa. Da mari yake gyara rediyonsa, don haka bai ga dalilin da zai sa injin mai madubi uku ya fi ƙarfin mari ba. Bayansa akwai Sai-Kano, wanda ko fis ne ya ƙone zai girgiza kai ya ce, "Oga, wannan sai Sabon Gari." Akwai kuma wanda ya tabbata baki ne, tun ranar da maƙwabci ya leƙo ya yaba injin bai ce tubarkalla ba.

Amma gwanina shi ne Injiniyan Waya. Yakan shigo da sallama a taƙaice, waya a hannu, YouTube a buɗe. Bai taɓa mallakar injin ba, amma ya ga wani Bature a garejinsa yana kwance irinsa. Ba ya tambayar me ya faru. Cewa yake, "Ba ni sukundireba." Ka gaya masa lokacin hunturu ne, hazo ya cika gari, a fara goge gilashin da auduga da ɗan sifirit, sai ya yi maka murmushin tausayi. Wannan ya yi masa sauƙi da yawa. Shi saitin madubi yake so, aikin da ƙwararru ma kan yi da salatif da haƙuri, suna harba haske kaɗan-kaɗan suna duba inda ya ƙona. Zai murɗa na farko, ya murɗa na biyu, ya manta inda suke tun asali. Kafin la'asar hasken da ke zana akirilik ya koma ƙona bangon injin. Nan zai tsayar da bidiyon, ya ce na Baturen wani samfuri ne daban, kuma dama naka na China ne. Na Baturen ma daga can ya fito. Baturen bai taɓa yin Afrilu a Dutse ba, inda zafi kan wuce digiri 40 alhali bututun yana son ruwansa ƙasa da 25, shi ya sa yaron shago ke yini sayen ƙanƙara. Injiniya bai san wannan ba, don ba ya cikin bidiyo. Ana kiran salla zai fita alwala, sai kuma jibi.

Masu kawo aiki ma da nasu halin. Shugaban ƙungiyar ɗaliban jami'a kan zo da allunan karramawa da za a raba gobe da safe, sunan babban baƙo da kuskure a takardar da ya kawo da hannunsa, amma injin ne mai laifi. Mai hatimi kuma yakan yi rantsuwa an zana masa rubutu a juye, har sai an dangwala a tawada an buga masa a takarda.

Mu kuma 'yan benci aikinmu sharhi. Ba mu taɓa danna komai ba, shi ya sa ba mu taɓa ɓata komai ba, har wasunmu na rubutu a mujalla.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne maigidan da ke manne makunnin murfi da salatif don injin ya yi aiki a buɗe, fankar fitar da hayaƙi ta mutu tun bara bai gyara ba, sannan ya karɓi aikin roba ta PVC don ta fi araha. Wannan roba idan leza ta ƙona ta, hayaƙin da take fitarwa yana cin huhu, yana sa ƙarfen injin tsatsa. Shi maigidan yana waje ƙarƙashin darbejiya yana waya. Yaron da aka kawo masa amana daga Kiyawa ko Jahun shi ke sunkuye a kai, ido na ruwa, yana tari. In katako ya kama wuta, ka ji maigidan yana ɗaga murya: "Kai wane irin yaro ne!" A ƙarshen wata kuma a kuɗin yaron zai cire.